Lambar Kofur Jatau

A gindin akwatin ƙarfen kakana,
ƙarƙashin bargon da asu ya cinye,
na tarar da igiyar awo a naɗe
da wata lamba a jikin tagulla.

Ban san shi da bindiga ba.
Na san shi da tsayawa kan gadar Dilimi,
ya buga ƙafa, ya kasa kunne,
ya ce, "Ƙarfen nan ya gaji."
Mu yara mu yi ta dariya.

Na kai lambar ofishin 'yan mazan jiya.
Magatakarda ya lashi yatsa,
ya yi ta juya shafi har la'asar:
Kofur Jatau, sojan gini, Yaƙin Bama.
Layi ɗaya. Gara ta ci sauran.

Sai Baba Dung na Bukuru, makaho yanzu,
ya shafa tagullar, ya daɗe shiru.
"Gada bakwai muka kafa cikin damina.
Ta takwas shi ya ɗaure da hannunsa,
shi kuma aka ce ya fasa ta da asuba
kada abokan gaba su haye.
Ranar bai taɓa abinci ba."

Yanzu in na zo Dilimi
nakan buga ƙafa.
Ba na jin abin da yake ji,
amma ina tsayawa.