Ƙofar Kudu

A Dundee ruwa na bugun taga.
Sallau na gaban kwamfuta, shayinsa ya huce.
Ya saki rundunar dodanni kan wani gari mai ganuwa,
sai ga ƙananan mutane ta ƙofar kudu
kamar tururuwar da aka tone wa gida.

"Baba, ga dabara.
In na kora su birnin abokin gaba
su cinye masa rumbu, su toshe masa hanya.
Kowane ɗari, hatsinsa ya ragu da goma."

Na gyara tabarau.
Fuskarsu ɗaya. Ba mai tari,
ba mai komawa neman akuya,
ba wadda ta ƙulle mabuɗi a bakin zane
kamar Inna, ranar da muka tsallake rafi,
ruwa iya wuya,
keken ɗinki a kanta.

Can baya wata ta maƙale jikin dutse,
ƙafa na motsi, ba ta gaba.
"Kuskuren na'ura ne," in ji shi.

Na ce, jira ta.
Ya yi dariya,
amma ya ɗauke hannu daga linzamin.