Dattijo Mai Shekara Sha Tara

A nan ba mai kira na Ammon.
Sunan ya tsaya a Idaho, cikin aljihun uwata,
tare da makullin tsohuwar motar ɗibar dankali.
Abin da ke manne a ƙirjina ɗan baƙin allo ne:
Dattijo Tolman.
Dattijo! Ni da haɓata ba ta taɓa wahalar da aska ba.

Shida da rabi agogo ke tsaga duhu.
Mu durƙusa kan siminti mai cizon gwiwa,
ni da Ajanel, mutumin Guatemala,
wanda doka ta haɗa mu kamar tif da taya.
Ya san minsharina, na san tarinsa.
Ko fushi muke da juna, a jere muke tafe.

Oruro a kan rufin duniya take,
iska a nan tsada gare ta.
Taku ashirin a hawa, huhu ya fara bin ka bashi.
Farar riga, ɗaurin wuya,
takalmin da ya buɗe baki yana cin tsakuwa
har na toshe masa maƙogwaro da kwali.

Jiya ƙofa arba'in da ɗaya muka ƙwanƙwasa.
Labule ya motsa, rediyo ya yi shiru.
Karnuka kaɗai ke fitowa tarbarmu da gudu.
Sifaniyanci kuwa ya turje a bakina
kamar jaki a bakin rafi.
Na taɓa ce wa wani tsoho za a yafe masa kifinsa,
zunubi nake nufi, harafi ɗaya ne tsakaninsu.
Ya yi dariya har haƙoransa biyu suka sha iska,
ya ce kifin ma bashi ya ci.

Sai gidan Doña Eulogia, can ƙarshen layi,
wadda ramin kuza ya haɗiye wa miji.
Ta ce, littafinku ku riƙe abinku,
ni da waliyyaina mun tsufa tare,
amma ku zauna, miya ta yi zafi.
Ta miƙo shayi, muka sunkuyar da kai.
Ta ce, a wannan sanyin ake hana yaro shayi?
Ta kawo ruwan zafi da sukari, tana mita.

Watan Yuni, da ƙanƙara ta sauka,
ta baza dankalinta a fili ya kwana uku a waje,
sannan a tattake shi da ƙafa, ruwan ya fita,
ya bushe, ya shekara bai ruɓe ba.
Gwiwarta ta ƙi.
Na cire takalmi, na naɗe wando.
A gonar ubana inji ke yin komai,
amma ƙamshin ƙasar nan, na rantse na san shi.
Abin da bakina ya kasa cikin wata sha ɗaya
tafin ƙafata ya faɗa kafin azahar.

Tana tsince ɓawo ta ce,
kai, wane suna uwarka ta raɗa maka?
Na dubi Ajanel. Ya dubi dutse.
Na faɗa.
Ta maimaita shi a karkace, ta yar da rabinsa,
ni kuwa na juya baya ina gyara ɗaurin wuya
wanda ba abin da ya same shi.

Litinin ranar wanki ce da kiran gida.
Uwata ta ce na rame, hoton yana yankewa.
Ban gaya mata wani daren ina kwance
ina tunanin ko addu'ata na wuce kwanon rufi ba.

Da dare Ajanel ya buɗe takardar rahoto.
Darasi nawa? Biyu.
Masu shirin baftisma? Ya ja sifiri, ya zagaye shi sau biyu.
Ba gurbin dankali a takardar.
Na hura fitila, na ja bargo na huɗu,
yatsun ƙafata har yanzu baƙi ƙirin,
sabulu ya ƙi fitar da su.