Lamba Ta Goma Sha Biyu

Gwangwanin madara ne ma'ajina,
ƙarƙashin teburin gyaran agogo
a bakin babbar kasuwar Maraɗi.
Lambobin yaƙi goma sha ɗaya ke kwance ciki,
kowace da kan sarkin Ingila
yana kallon gefe
kamar wanda ya hango mai binsa bashi.

Ta farko wurin maƙerin farfaru na ƙwato ta,
saura ƙiris ta zama zobe.
Wata daga Ɗan Isa ta zo cikin tsofaffin kwabbai.
Wata an huda ta, an rataya wa jariri
don haƙori ya fito lafiya.

Jiya Tsahara mai ƙuli-ƙuli ta tsaya,
ta kwance bakin zane.
Azurfa ce, ta yi baƙi ƙirin,
ƙyallenta ya koɗe,
ba ka raba shuɗi da ruwan goro.
Yawuna ya tsinke.
Na fara lissafin jikka a zuci.

Ta ce ta kakanta ce,
wanda ya guje wa aikin dolen Faransa,
ya bi gulbi da dare har ƙasar Katsina,
ya faɗa hannun waɗansu Turawan.
Suka ba shi jar dara da bindiga,
suka tura shi Kamaru.
Gudun gara, in ji ta, ya kai shi gidan zago.
Ya dawo da tari da wannan,
ya koma shukar gyaɗa,
bai ƙara ɗaga zancen ba.

Na ce, jikka biyar.
Ta yi shiru.
Na ce, takwas.
Ta ce, malam, ba ciniki ya kawo ni ba.
An ce akwai rubutu a gefenta.
Karanta mini.

Na maƙala gilashin ido ɗaya,
na juya ta a hankali.
Lissafi ne ya fara, dogo,
sannan Arzika Maradi.
Babu sunan uba.
Magatakarda ya ba shi gari a madadin mahaifi.

Ɗan Nomau ne, ta ce,
ta ƙulle abarta,
ta ajiye mini ƙuli uku, ta wuce.

Bayan magariba ban rufe shago ba.
Na zazzage gwangwanin a kan tebur,
agogunan mutane na ta bugawa,
kowane da nasa lokacin.
Na shiga kiran sunaye ɗaya ɗaya,
Jatau, Barmo, Kalla Zangon wani wuri,
har na zo kan wadda aka huda.
Hujin ya cinye harafin farko.