Kai Jirgin Baba Silame

Mun kwance jirgin baba a gindin gadar Kwalkwalawa,
ni da kawu Arzika, bakinmu da sauran addu'ar asuba.
An sayar da shi.
Wani Nomau a Silame ya ba da rabi,
ya ce sauran sai ya ga goshin jirgi ya taɓa gaɓar garinsu.
Na ce mu ɗora shi a mota. Kawu ya harare ni:
abin da ya shekara talatin yana ɗaukar mutane
ba a ɗaukarsa kamar gawa.

Ya miƙo mini filafili.
Ni tela ne, hannuna almakashi ya sani da bakin zare.
Kafin hantsi tafina ya yi ruwa,
jirgi na juyawa da ni kamar akuya a turke.
"Mi kaka yi haka, ɗan Labbo?
Gulbi ba a sara tai, lallashi nai aka yi."
Na sassauta. Jirgi ya miƙe,
kamar dama jira yake in daina gaggawa.

Rima ba ya zama.
Masu yashi na nutsewa, su ɓullo da bokiti a ka,
tifa na jiransu a tudu.
Injin ban ruwa na tari a kowace kwana,
yana zuƙar gulbi yana fesa wa albasa.
Masu wanki na dukan dutse da rigunan mutanen birni,
wataƙila har da wadda na ɗinka.
Wani makiyayi ya tsaida mu da sanda
har shanu arba'in da ɗaya suka haye,
hanci sama, ƙahoni kamar busasshen kurmi yana iyo.
Kowa da abin da yake karɓa a hannun ruwa,
ban ga mai mayarwa ba.

A ƙasan Wamakko muka sauka kan tudun yashi.
Kawu ya jefa birgi sau biyu:
karfasa uku, da kurungu guda mai gunaguni.
Wutar kara, gishiri a ƙullin leda, yajin gwaggo Ige.
Muka kafa filafilai biyu muka rataya gidan sauro,
sauro ya karanta ramukansa ya shigo.
Can baya fitilun Kalambaina sun ƙi barci,
kwaɗi sun karɓi aiki daga hannun injuna.

Na shiga jirgi ɗauko buta,
yatsana ya faɗa kan wasu tsagogi a ƙarƙashin mazaunin baya.
Na haska. Bakwai, aikin wuƙa.
Kawu bai ɗago daga ƙayar kifi ba.
"Duk wanda Labbo yac ciro da rai, sai ya tsaga ɗaya.
Ta farko mai tallar nono ce.
Ta huɗu wani ɗan sanda, da takalmansa.
Ta ƙarshe, mai zurfin nan, kai ne.
Shekarunka huɗu. Kwana ukku bai ci tuwo ba,
ran na huɗu ya kai ka gun tela."

Ni da na girma ina cewa raina ni ya yi,
ya koya wa 'ya'yan maƙwabta tuƙi, ni ya ba ni allura.
Na zauna a jirgin har raɓa ta jiƙa mini wuya.
Ruwa na lasar katako a hankali,
bai ce ya san ni ba.

Kwana biyu muka ƙara, kainuwa na riƙe mu, muna roƙonta hanya.
A Silame Nomau ya ƙwanƙwasa ciki, ya shinshina kwalta,
ya ƙirga kuɗi da yawu a yatsa.
Na kama hannunsa na ɗora kan tsagogin.
Na ce, akwai sauran wuri.

Mun komo a bayan motar albasa.
Filafili ba ya cikin ciniki, yana jingine bayan kekena.
Yau kwana tara, tafina bai warke ba,
in na zura zare sai ya yi zafi,
ni kuma ban nemi magani ba.