Tekun da Kuɗinmu Ya Kai

Na yi musu alkawarin teku.
Albashi ya zo, ya dubi alkawarin, ya yi dariya.
Sai muka saɓa jakunkuna a baya,
ni da Ladidi, da Sagir, da 'yar auta Walida,
muka hau mota a Kawo,
aka zube mu a Maraban Jos,
ragowar tafiyar kuwa ƙafa ce ta biya.

Da ruwan Kangimi ya ɓullo ta bayan gonar masara
Walida ta ja ta tsaya cak:
"Baba, shi ne tekun?"
Ladidi ta harare ni ta gefen mayafi.
Na ce, "Ƙanensa ne."

Tunga ce mai bukkoki goma sha ɗaya,
ƙarni da hayaƙin banda sun riga mutane yi mana maraba.
An shanya koma a kan reshen kanya
tana ɗigar da sauran daren jiya.
Baba Makau ya kwashe mali daga ɗakin ajiyarsa,
Inna Kande ta kore awaki, ta yayyafa ruwa,
ta ce, "Baƙon masunci ba ya tambayar nama."
Tuwo ya zo da tarwaɗa,
kanta ya fi tafin hannuna.

Da dare sauro ya kira taron dangi a kanmu.
Gidan sauron da muka taho da shi
ashe yana da ƙofa a gefen ƙafata.
Sagir ya hau suri da waya a sama
yana farautar sabis kamar mai kamun fara,
har ya gaji, ya sauke hannu,
sai ya ga taurari,
ya daɗe bai sauko ba.

Asubar fari muka shiga kwalekwale.
Ladidi ta riƙe gefe, bakinta na motsi,
duk addu'ar da ta sani ta fito.
Ruwa lumui, kamar an guge shi.
A tsakiya Baba Makau ya ɗaga filafili,
ya bar jirgin yana juyawa a hankali.

"Kun ga nan?" in ji shi.
Ba mu ga komai ba sai fuskokinmu.
"Gonar ubana ce a ƙarƙashinku.
Can kuka take, nan rijiya,
nan kuma na sha bulala kan na bar jaki ya ci dawa.
Ruwa ya zo, bai yi sallama ba.
Mun yi kuka shekara ɗaya,
a ta biyu muka koyi saƙa koma.
Har gobe gonar nan nake girbewa,
amfanin ne kawai ya yi ƙaya."

Ya watsa birgi, ta buɗe, ta nutse.
Da ya jawo, karfasa bakwai na tsalle a ƙafafunmu,
Sagir ya zabura,
silifas ɗinsa ɗaya ya faɗa ruwa, ya yi gaba.
Tsohon ya kyalkyale har haƙorinsa ɗaya tilo ya fito:
"Bar shi, yaro.
Dama ubana bai taɓa shiga gonarsa da takalmi ba."

Kwana uku muka yi.
Na miƙa kuɗin ɗaki, ya mayar mini da hannuna;
Ladidi ta bar wa Inna Kande tocila da rabin sukarinmu,
ita kuma ta cusa mana banda a jakar Walida,
har yau littattafanta na ƙamshin tunga.

Ranar Litinin malama ta ce su zana inda suka je hutu.
Walida ta shafe takarda da shuɗi,
a ƙasa ta zana kuka, da rijiya, da jaki,
da wani mutum tsaye cikin dawa,
ƙafa ɗaya da silifas.
Malama ta rubuta da jan biro: "Teku ba ya da gona."
Walida ta kawo mini, tana huci:
"Baba, gaya mata."