Na Je Gaida Rimi

Da hantsi na sauka a Kwangila,
ƙafa ta yi tsami, jaka a wuya.
Tanimu na jingine da babur ɗinsa,
ya ce, "Bakano, ka iso lafiya?"
Na ce, "Na zo ganin mutanen
da suka mai da tsaki abin tinƙaho,
kamar babu shinkafa a duniya."
Ya ce, "Hau. Cikinka zai ba ka amsa,
ba na musu da mai yunwa a hanya."

Muka ratsa Tudun Wada, sai Ƙofar Doka.
Ganuwa ta zaizaye, awaki na hawa kanta,
amma doguwa ko ta tsufa ta zauna,
ka san ta yi tsayi jiya.
A wani zaure mutum huɗu sun duƙufa,
allura na nutso a shadda tana ɓullowa,
aska takwas na tsiro a ƙirjin riga.
Na tambayi kuɗinta, aka faɗa mini,
na yi gyaran murya, na ja da baya.

Fate ya iso daga cikin gida yana huci,
yakuwa da gauta, gyaɗa ta ji daka.
Cokalin farko na kai don in yi tsiya.
Na biyu, ban ce komai ba.
Na uku ne ya ɗauke ni cak
ya dire ni a Fagge, shekara talatin baya:
kakata Ladingo a gaban murhu,
mu jikoki muna toshe hanci, muna dariya,
tana cewa, "Ku ci ko ku bari.
Amma duk wanda ƙafa ta kai shi garinmu,
ya gaida mini rimin ƙofar gidanmu,
wanda ke daf da rijiya."

Na ajiye cokali. Na ce, "Tanimu, kai ni Kwarbai."

Rijiyar na nan, an rufe ta da siminti.
Inda rimin yake, shagon cajin waya ne,
wani yaro na gyangyaɗi kan benci.
Wani dattijo ya saurare ni har ƙarshe,
ya ce, "Iskar farkon damina ta kwantar da shi,
an daɗe. Sai dai ka sani,
rabin unguwar nan har gobe
kan audugarsa muke kwanciya."

Da la'asar muka nufi Kufena.
Daga ƙasa na raina shi, halin Bakano,
kafin rabi gwiwa ta kai ƙarata.
Ƙadangaru na gyaɗa kai suna wuce ni,
Tanimu na gaba, yana shan rake,
yana bar mini ɓawo in gane hanya.
Da muka kai, iska ta buɗe mini riga.
Ga gonaki kore shar har iyakar ido,
ga kwanon gidaje na ƙyalli can nesa,
ga rimaye tsaye, nan ɗaya, can uku,
kowanne ya fi unguwarsa tsayi.
Ban san wanda zan ba saƙon ba,
sai na ɗaga hannu na gaishe su gaba ɗaya.
Na jira Tanimu ya yi mini tsiya.
Bai yi ba. Ya miƙo mini gaɓar rake,
ya juya yana kallon wani wajen.

A tasha ya cusa mini mazarƙwaila a jaka,
ya ce, "In ka isa, ka faɗa musu gaskiya:
kwano uku ka tashi da shi a Zariya."
Na ce, "Biyu zan amsa a gaban kowa.
Na ukun ba nawa ba ne,
na ci wa Ladingo ne."