Kunnen Gidan Sifili

Ƙarfe uku na dare a Luleå.
Bakin teku ya daskare tun watan jiya,
a nan ciki kuwa fankoki sai huci suke,
ni da kofin da ya huce, da allon da ba ya barci.

Na'ura ɗaya ce a akwatin nan,
amma baƙi arba'in da uku ke kwana a cikinta,
kowa na zaton shi kaɗai ne a gidan.
Ba su san juna ba. Haka aka so.
Ɗaya tak aka danƙa wa makullai,
lambarsa sifili.
Shi ne fatoma, shi ne kunne.

Baƙo in zai yi magana ba ya fitowa.
Akwai ɗan faifai tsakaninsa da fatoma,
zobe ne, ƙarshensa na cizon farkonsa,
cikinsa harafi dubu biyu da ɗoriya.
Ya zuba, ya matsar da alamarsa, ya ja ƙararrawa.
Fatoma ya zo ya kwashe,
ya matsar da tasa alamar:
ga wuri, ci gaba.
Bai taɓa tambayar me ake nufi ba.
Ɗan aike ba ya buɗe wasiƙa.

Na sha bakwai uban surutu ne.
Tun magariba yake nanata kuka ɗaya,
wai agogonsa ya yi gaba da daƙiƙa biyu.
In ya cika jan ƙararrawa
sai fatoma ya juya masa ƙeya na ɗan ƙiftawa,
don sauran ma su sami kunne.
In rumbu ya cika babu mai karantawa,
tsohon zance ake zubarwa
a ba sabo wuri.

Na arba'in da ɗaya kuwa,
mai riƙe da lissafin wani kantin magani a Piteå,
shekara uku bai ce uffan ba.
Yau da biyu da minti sha ɗaya ya faɗi.
Kafin ya tafi ya zuba layi sittin a faifai,
sunan abin da ya kashe shi na ciki.
Fatoma ya kwashe, kamar kullum,
ya riƙe, ya jira.
Ba kowa a bakin ƙofa.
Na je wajen injin kofi.

Börje ya bar takarda a jikin allo tun bazara:
"A kunna ajiyar maganar baƙi a fayil. Gobe."
Har tawadar ta koɗe.

Aka rushe ɗakin, aka tashi baƙon sabo fil,
ya gaishe ni da layukan safiya
kamar ba shi ne ya mutu ba.
Wasiyyarsa ta bi ɗakin.
An ce magana zarar bunu ce,
ban san bunun ma na ɓata a hannun mai riƙo ba.

Na gyara layin, kalma ɗaya ce.
Na yage takardar Börje.

Sai na ciro wayata daga aljihun rigar sanyi.
Akwatin saƙon murya ya cika tun Talata,
tara daga ciki na mahaifina ne, daga Boden.
Ba ya kira sai da dalili,
ko da dalilin bututun ruwa ne.

Na sa a kunne.
Na fara da mafi tsufa.